Yadda Ake Gano Dalilin Nauyin Kwamfuta Wajen Tashi da Hanyar Magance Shi

Idan kwamfuta ta fara ɗaukar minti biyar ko fiye kafin ta gama tashi, abin da mutane da yawa ke yi shi ne su kai ta wurin mai gyara domin a goge komai a sake zuba mata Windows. Hakan yakan kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma matuƙar ba a gano inda matsalar take ba, nauyin zai dawo bayan 'yan watanni, wataƙila ma an yi asarar fayiloli masu muhimmanci. Ya fi kyau a fara da bincike kafin a kashe ko sisi.

Ka danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda, shafin Task Manager zai buɗe. A Windows 10 ka shiga sashen Startup, a Windows 11 kuwa Startup apps ake kiransa. A nan za ka ga dukkan manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfutar, kuma a gefen kowace an rubuta irin nauyin da take ɗorawa. Waɗanda aka rubuta wa High su ne abin lura, kuma sau da yawa irin su Teams da Spotify da Zoom ne, waɗanda ba kowa ke buƙatarsu da zarar ya kunna ba. Ka zaɓi wadda ba ka so, ka danna Disable. Wannan ba ya goge manhajar, yana hana ta tashi ne kawai sai ka buɗe ta da kanka. Sai dai kada ka taɓa abin da ya shafi sauti ko tsaro, haka ma duk sunan da ba ka gane ba, ka bar shi har sai ka bincika.

Daga nan ka koma sashen Performance ka dubi Disk, domin a ganina nan ne yawancin matsalar take, musamman a kwamfutocin hannu na biyu da suka cika kasuwanninmu. Idan an rubuta HDD, kuma kana ganin ma'aunin ya tsaya a kan 100% na tsawon mintuna bayan an kunna, to faifan ajiyar ne ya kasa. Irin wannan faifai yana juyawa ne a zahiri, yawanci zagaye 5,400 a minti ɗaya a kwamfutar cinya, kuma dole allurarsa ta riƙa kai da komo tana neman dubban ƙananan fayilolin da Windows ke buƙata kafin ya tashi. Faifan SSD ba shi da wani abu mai motsi, saboda haka yakan mayar da jiran mintuna ya koma daƙiƙoƙi. Babu wani gyara da ya kai sauya faifai amfani ga tsohuwar kwamfuta, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na sabuwar kwamfuta ba. Idan kuma faifan ya fara ƙara kamar ana ƙwanƙwasa wani abu a ciki, to ka kwashe bayananka zuwa wani wuri a ranar, domin alama ce ta kusa mutuwa, kuma yawan ɗaukewar wuta ga kwamfutar tebur ko wadda batirinta ya mutu yana ƙara lalata shi.

A wannan sashen dai ka duba Memory, wato RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai. Microsoft ta sanya 4GB a matsayin mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke buƙata, amma da shi kaɗai kwamfuta kan sha wahala da zarar an buɗe shafuka da yawa a Chrome. Ƙara ta zuwa 8GB yana kawo bambanci sosai, sai dai a tabbatar tukuna cewa tana karɓar ƙari, domin wasu an manne musu RAM ɗin a jikin allon ciki.

Akwai wani abu da mutane ba su cika sani ba. Saboda tsarin Fast Startup, danna Shut down ba ya sabunta Windows gaba ɗaya, yana adana wani ɓangare ne ya ci gaba da shi washegari. Restart ne ke sabunta komai, saboda haka ka riƙa yinsa aƙalla sau ɗaya a mako. Ka kuma shiga Settings, sai System, sai Storage, ka kunna Storage Sense domin ya riƙa share tarkacen fayiloli, kada faifan ya cika makil.

Ina ba da shawarar a guji manhajojin da ake tallatawa a intanet da alkawarin ƙara wa kwamfuta gudu, domin da yawansu ƙarin nauyi ne. Haka nan zuba manhajar riga-kafin ƙwayar cuta guda biyu a tare yana sa su riƙa karo da juna. Windows Security da ke zuwa da kwamfutar ya wadatar ga mafi yawan masu amfani, kuma ya dace a yi cikakken bincike da shi idan nauyin ya zo farat ɗaya.

Ƙura ma tana da nata rabon, musamman bayan hunturu. Idan ta toshe fanka, na'urar sarrafa bayanai takan yi zafi, sai ta rage gudunta da kanta domin kada ta ƙone. Idan fankar tana ƙara ba tsayawa kuma ƙasan kwamfutar yana ƙuna, a kai ta a buɗe a share, a kuma daina ɗora ta a kan katifa ko darduma, inda ramukan iskarta ke toshewa.