Kurakuran da sabbin shiga Linux suka fi yi

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoban 2025, masu tsofaffin kwamfutoci da dama suka fara waiwayen Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta da kan maye gurbin Windows. Shawara ce mai kyau. Sai dai yawancin wahalar da sabon shiga ke sha tana tasowa ne daga rashin sanin asalin abin da ya ɗora.

Babban kuskure shi ne ɗaukar Linux a matsayin abu guda. Abin da Linus Torvalds ya fitar a 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ƙwayar tsarin ce kawai, wato ɓangaren da ke haɗa manhajoji da kayan cikin kwamfuta. Sauran kayan aikin da yawa sun fito ne daga shirin GNU da Richard Stallman ya soma a 1983. Daga nan ƙungiyoyi suka riƙa harhaɗa su, kowa da salonsa. Debian ta zo a 1993, Ubuntu ta fito daga cikinta a 2004, Linux Mint kuma daga Ubuntu a 2006. Fedora 'yar gidan kamfanin Red Hat ce, Arch kuwa gidanta daban. Wanda bai san wannan nasaba ba sai ya kwafo umarni daga intanet ya liƙa, abu ya ƙi, ya ce Linux ba ta da kyau. Dangin Debian da apt suke shigar da manhaja, Fedora da dnf, Arch da pacman. Kafin ka bi kowane bayani, duba ko na gidanku ne.

Na biyu ya fi damuna, domin matasa masu hazaƙa yake kamawa: farawa da Kali Linux. An yi ta ne don ƙwararrun da ke gwada tsaron na'urori, kuma masu ita da kansu ba sa ba sabon shiga shawarar mayar da ita ta aikin yau da kullum. Ɗora ta ba ya koya wa kowa ilimin tsaro. Ka fara da Mint ko Ubuntu, ka saba da fayiloli da izini da umarni, in lokaci ya yi ka gwada Kali a filashi.

A Ubuntu ɗin ma akwai tarko. Fitowar da ake yi duk wata shida tallafin wata tara kawai take samu. Wadda aka rubuta wa LTS, irin su 24.04, tana fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu, tallafinta shekara biyar. Ita za ka ɗauka. Idan kwamfutar ta tsufa, nemi mara nauyi, Lubuntu ko Mint mai fuskar aiki ta Xfce.

Sai gaggawar ɗorawa. Zaɓin da ke cewa a goge faifan ajiyar kwamfuta gaba ɗaya da gaske yake yi, hotuna da takardu duk za su tafi. Kwashe su zuwa wani wuri tukuna. Sannan tayar da tsarin daga filashi ba tare da ka ɗora ba, ka gwada Wi-Fi da sauti da firinta. Kuma kada ka fara sai batir ya cika, don ɗaukewar wuta a tsakiyar raba faifai na iya lalata abin da ke kai.

Wasu kuma suna jin sunan FreeBSD ko OpenBSD su zaci nau'in Linux ne. Asalinsu tsohon tsarin Unix na Jami'ar California da ke Berkeley, kuma ƙwayarsu da lasisinsu daban. Suna da ƙarfi a kan kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima (server) da na'urorin haɗin intanet, amma a kan laftof sau da yawa katin Wi-Fi kan ƙi aiki. Mai son koyonsu ya fara gwadawa a cikin VirtualBox, manhajar da ke tayar da wani tsarin a cikin wanda kake amfani da shi.