Kurakuran da Masu Neman Gurbin Digiri na Biyu da na Uku a Waje Suka Fi Yi

Yawancinmu ta ƙofar JAMB muka shiga jami'a, inda maki ne ke magana: wanda ya haye makin da aka yanke yana da hujjar sa rai, wanda bai kai ba kuwa ya san dalilin faɗuwarsa. Wannan sabo yakan bi ɗalibi har zuwa lokacin da zai nemi gurbin digiri na biyu ko na uku a Amurka ko Ingila, kuma a ganina shi ne uwar sauran kurakurai. A wancan mataki babu wani maki guda da ke yanke hukunci. Malaman sashe ne suke zama su karanta takardu, suna tambayar kansu wanda zai kula da binciken wannan ɗalibi, da kuɗin da za a ɗauki nauyinsa da su, da yawan kujerun da suke da su a bana. Shi ya sa mai digiri mai daraja ta ɗaya yakan sha ƙasa a sashen da ya karɓi mai daraja ta biyu, idan abin da na biyun yake son bincika ya dace da aikin wani malami da ke da kuɗin bincike a hannu.

Kuskuren da ya fi saurin kashe nema shi ne makara. Sassa da yawa a Amurka suna rufe karɓar takardun digiri na uku a ranar 1 ko 15 ga Disamba, alhali karatun sai watan Agusta ko Satumba na shekara mai zuwa zai fara, amma mai nema sai ya bari Nuwamba ta kama sannan ya tuna da takardar cikakken sakamakonsa, wadda muke kira transkirif. Ni kaina na taɓa yin makonni ina safa da marwa tsakanin ofishin sashe da na rajistara a kan takarda ɗaya, saboda an nemi sakamakon wani kwas na aji biyu an rasa, kuma ba a gano shi ba sai da wani tsohon ma'aikaci ya zaro shi daga ƙasan wasu fayiloli da ƙura ta rufe. Idan jami'ar da ake nema ta buƙaci tantancewar hukumar WES, mai auna takardun karatun ƙasashen waje da ma'aunin Amurka da Kanada, lamarin yakan ƙara tsawo, domin ita daga jami'ar da aka gama take karɓar takardar kai tsaye, ba daga hannun ɗalibi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a fara bin transkirif tun watan Yuni ko Yuli. Kada kuma ɗalibi ya mayar da makinsa daga ma'aunin 5.0 da muke amfani da shi zuwa na 4.0 da lissafin kansa, sai dai ya rubuta shi yadda yake tare da ma'auninsa, ya bar masu tantancewa su yi aikinsu.

Akwai kuɗin da ake zubarwa ba gaira ba dalili. Tun daga 2020 sassa masu yawa suka daina tilasta jarrabawar GRE ta neman shiga karatun gaba da digiri, jami'o'i da dama a Ingila suna karɓar kiredit a Turancin WAEC a madadin jarrabawar ƙwarewar Turanci ta IELTS, wasu kuma suna yafe kuɗin fom ga wanda ya nema a rubuce. Sakamakon IELTS da takwararta TOEFL shekara biyu kawai yake aiki, na GRE kuwa shekara biyar. Duk wannan yana nan a shafin sashen ga wanda ya tsaya ya karanta kafin ya biya.

Takardar bayanin manufa ita ce wurin da na fi ganin ɓarna. Da yawa sukan buɗe ta da cewa tun suna yara suke sha'awar fannin, su shafe rabin shafi suna ba da labarin wahalar da suka sha, su rufe da yabon jami'ar da cewa babu kamarta a duniya. Kwamitin ya san darajar jami'arsa. Abin da bai sani ba shi ne tambayar da mai nema yake son amsawa, da abin da ya riga ya taɓa yi da hannunsa. Wanda ya rubuta cewa a aikinsa na kammala digiri ya auna gishirin ƙasa a gonakin rani na Kadawa, ya faɗi hanyar da ya bi da inda ta gaza, sannan ya ambaci malamai biyu na sashen da aikinsu ya shafi wannan matsala, ya fi wanda ya cika shafi da manyan kalmomi. Na taɓa karanta takardar wani ƙanena kafin ya aika, na tarar a sakin layi na ƙarshe sunan wata jami'ar daban ne a rubuce, saboda takarda ɗaya yake rarraba wa kowa yana canza suna. A Ingila ma abin ya fi tsanani ga mai neman digiri na uku, domin ana son tsararren ƙudurin bincike, kuma galibi ana son a fara samun malamin da ya yarda zai kula da aikin. Saƙon da za a aika wa irin wannan malami ya zama gajere, ya nuna an karanta wani aikinsa na kwanan nan, kada ya zama roƙon taimako.

Wasiƙun shaida, waɗanda yawanci uku ake nema, su ma ana yi musu gurguwar fahimta. Al'adarmu takan sa mu nufi mai babban muƙami, shugaban tsangaya ko wani farfesa da ya yi suna, ko da bai san fuskarmu ba. Layi huɗu daga irin wannan mutum da ke cewa ɗalibin yana da ladabi da biyayya ba su kai shafi guda daga ƙaramin malamin da ya duba aikinsa, wanda zai iya faɗin abin da ya gani da idonsa ba. A ba malami aƙalla wata guda, a haɗa masa da takardar manufa da jerin ranakun rufewa, a kuma tuna masa cikin ladabi, domin saƙon da jami'a ke aika masa yakan faɗa cikin tarkacen imel bai gani ba.

Samun gurbi daban, samun kuɗi daban, kuma rashin rarrabe su ya sa mutane da yawa sun yi walima da wuri. Digiri na uku a Amurka yakan zo da yafe kuɗin makaranta da albashin taimaka wa malami a koyarwa ko bincike, kuma ana iya shigarsa kai tsaye da digiri na farko, abin da da yawa ba su sani ba. Digiri na biyu a Ingila kuwa yawanci sai an nemo tallafi daga wani wuri, kamar tallafin Commonwealth, ko na PTDF, wato asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, ko Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda shi yake buƙatar ƙwarewar aiki ta sa'o'i 2,800 da alkawarin komawa gida na shekara biyu bayan kammalawa.

Sai jerin masu jira, wanda ya fi komai wahalar da zuciya. Wanda aka saka a ciki ya sani cewa kwamitin ya gamsu da shi, kujera ko kuɗi ne suka gaza. Kuskure biyu ake yi a nan, kuma kishiyoyin juna ne. Wani yakan yi fushi ya yi shiru kamar an kore shi, wani kuma yakan dami ofishin da saƙo kowane mako har a gaji da sunansa. Abin da ya dace shi ne wasiƙa ɗaya mai nutsuwa zuwa ga jami'in da ke kula da karatun gaba da digiri a sashen, a tabbatar masa cewa har yanzu ana son gurbin, a faɗi sabon abin da aka samu tun bayan aika takardu, kamar maƙalar da aka karɓa ko digirin da aka kammala, idan kuma sashen ne zaɓi na farko a faɗa, amma fa in gaskiya ne. Sanin kalanda yana rage fargaba: ɗaruruwan jami'o'in Amurka sun amince cewa ba za a tilasta wa wanda aka yi wa tayin tallafi ya ba da amsa kafin 15 ga Afrilu ba, don haka jerin ba ya cika motsi sai gab da wannan rana ko bayanta kaɗan, lokacin da waɗanda suka samu tayi uku ko huɗu suke sakin sauran. Wanda yake da tayi mai kuɗi a hannu kada ya saki reshe ya kama ganye saboda sunan wata jami'a, sai ya rubuta wa masu jerin ya sanar da su ranar da dole ya amsa wa na farkon. Wanda kuma ya riga ya yanke shawara ya gaggauta sakin tayin da ba ya so, domin akwai wani can yana zaman jiransa.

Idan wasiƙar ban haƙuri ce ta zo, yawanci ba ta faɗin dalili, kuma aika martani mai zafi ko roƙon a sake dubawa ba ya canza komai. Wasu sassa sukan ba da ɗan bayani idan an tambaya bayan hada-hadar ta lafa, wajen Mayu ko Yuni. Babban kuskure shi ne a sake aika takardun bara yadda suke, ko a sake tsayawa kan jami'o'i uku da kowa ya san sunansu. A duba jerin da idon basira: a cikin sassan da aka nema, nawa ne suke da malamin da ke aiki a kan abin da ake so? Shekarar da ke tsakani za a iya cike ta da aiki a ƙarƙashin wani mai bincike a Zariya ko Kano ko Sakkwato, ko a fara digiri na biyu a gida, wanda zai samar da sabon aikin da za a nuna da sabon malamin da zai yi shaida. Malaman da suka rubuta wasiƙun bara kuma a koma a gaya musu yadda ta kaya, a yi musu godiya, domin a watan Oktoba za a sake ƙwanƙwasa ƙofarsu.