Kafin ka tura ma ejan kuɗɗin aikin ƙasar waje, tsaya ka duba wanga

Jama'a abin ga ya yi yawa a Sakkwato wallahi, kullum sai an turo a guruf na WhatsApp wai ana neman direbobi Saudiyya, masu gadi Dubai, masu kula da tsofaffi Ingila, albashi da dala, masauki da abinci kyauta, a yi sauri gurbi ya kusa cika. Yaro ya gama jami'ar Ɗanfodiyo ya yi bautar ƙasa yana zaune ba aiki, dole ranshi ya biya, ni ban ga laifinshi ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne gonaki da shanu da filayen gado da ake saidawa ana miƙa ma ɓarayi.

Tambayar farko da za ka yi ma ejan ita ce, wace irin biza za a ba ni? In ya ce da ta Umra za ka shiga ko ta ziyara, in ka isa sai a juya ta ta koma ta aiki, to tashi ka kaɗe rigarka. Bizar Umra ba ta halatta aiki, ranar da ta ƙare ka zama ɗan takari, ba iƙama, kana ɓuya ma 'yan sanda, wanda kake ma aiki ya hana ka haƙƙinka ba inda za ka kai ƙara tunda kai ma a ɓoye kake, ƙarshe a kama ka a kai ka tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a koro, a Shumaisi kusa da Makka, a maido ka da kayan jikinka. Aikin gaskiya yana zuwa da kwantiragi mai sunanka da sunan kafilinka, nawa ne albashi, awa nawa za ka yi, wa zai biya tikiti. Masu aikin gida a Saudiyya ta manhajar Musaned ake yin nasu. In da Larabci anka rubuto, ba mu rasa masu Larabci ba garin ga, kai ma wani malami ya karanta maka, kada ejan ɗin ya zama shi ne mai fassara.

Sai maganar kuɗɗi, nan ne suke cin mutane. Ba su cewa kawo miliyan lokaci guda, a'a, yau kuɗin fom, jibi na medikal, sati mai zuwa wai biza ta fito saura na inshora, kuma duk akawun ɗin mutum ake turawa ba na kamfani ba, ba rasit. Kowane biya ka yi sai ka ji ba ka iya janyewa saboda abin da ka riga ka zuba. Ba a yi maka intabiyu ba, ba a tambaye ka me ka iya ba, amma wai an ɗauke ka, imel ɗin ma na Gmail. Kuma bizar Ingila ko Kanada sai ka je da ƙafarka an ɗauki hoton yatsunka, duk wanda ya ce zauna Mabera a kawo maka ita har gida ƙarya yake.

Binciken ba shi da wuya, da wayarka za ka yi. Sa sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka gani ko yana da rajista, amma rajistar kaɗai ba ta isa ba, mai kai mutane aiki waje sai da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ka ce ya nuna maka. Gwamnatin Ingila ta jera kamfanonin da ke da izinin ɗauko ma'aikata daga waje a shafin gov.uk, kuma tun watan Yulin 2025 ta rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, amma har yanzu ejan na tallata aikin. Kanada kuwa kuɗin LMIA, takardar amincewar gwamnati a ɗauko ma'aikaci daga waje, mai ɗaukar aiki ke biya, doka ta hana a ɗora ma ma'aikaci.

'Yan uwana mata ku kula da mai cewa ba sai kin biya ko sisi ba, kawo fasfo ɗinki kawai, in kin fara aiki sai ki biya. Bashin ga ba ya ƙarewa, kuma fasfo na hannunsu ba ki da hanyar dawowa. Haka in anka ce ta mota za a bi, Illela, Ƙwanni, Tawa, Agadas, to Libiya anka nufa da ke, inda a 2017 CNN ta nuna ana gwanjon mutane.

Wani abin da na lura, kusan duk suna cewa kada ka gaya ma kowa, a yi maka baki tafiya ta lalace. Gaya ma babanka, gaya ma yayanka, ka nemi wanda ya taɓa zama ƙasar. Ko da wanda ya kawo maganar ɗan unguwarku ne da kuke sallah sahu ɗaya ka bincika, sau da yawa shi ma yaudararshi anka yi bai sani ba.

In har ka riga ka biya, kada kunya ta sa ka yi shiru. Kada ka ƙara ko naira, aje alat na banki da hirarku da saƙon muryarshi kada ka goge komi, je bankinka ka sanar da su, sannan ka kai ƙara ofishin EFCC da ke nan Sakkwato. In kuwa wani naka sunka riga sunka fita da shi, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ita ma tana da ofis garin ga, tafi da duk shaidar da ke hannunka.