Kada ka yi saurin sayen kapto: yadda nake bin kodi P0105 zuwa P0108

Baƙin hayaƙi, mota na zuƙar esansi, ralanti na rawa, fitilar inji a kunne. An sa baliz, wato na'urar da ke karanta kodin matsalar mota, ta nuna P0107, shi ke nan mai mota ya nufi kasuwa neman sabon kapto MAP. A garajina nan Tawa ba daga nan nake farawa ba. Kodin layin duka yake zargi: tiyo, waya, fishi, sannan kapto. Shi kapton aikinsa auna ƙarfin iskar da ke cikin kolekta, wato bututun da ke kai iska cikin inji, ya faɗa wa kwamfutar mota, ita kuma ta yanke man da za ta zuba.

Soka baliz a fishin nan mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Buɗe kontak, kar ka tada inji. A Tawa ya kamata ka ga wajen 96 ko 97 kPa (ma'aunin ƙarfin iska), don mun ɗara bakin teku tudu, can ne ake ganin 101. Tada inji, a motar esansi in ya yi zafi a ralanti adadin ya sauko tsakanin 25 da 40. In ya tsaya sama, bi tiyon da ke haɗa kapto da kolekta.

Tiyon nan shi ne babban mai laifi. Motocin da ake kawo mana daga Kwatano robarsu ta riga ta tsufa, zafin watan Afrilu ya ƙarasa ta. Lanƙwasa shi da yatsa, za ka ga tsaga kamar faso a diddige, galibi daidai bakin da ya shiga kolekta. Kasa kunne, kana iya jin iska na shewa. Tiyo mai yoyo kan kawo P0106 ko P0108.

Sai waya. Yawanci uku ne a jikin kapto: volt 5, masi (wato negatif), da wadda ke kai saƙo. In ka ga huɗu, an haɗa da mai auna zafin iska. Ɗauko miltimeta, kontak a buɗe. Babu volt 5, ko wayar saƙo ta tsinke, P0107 ke nan. Masi ya katse, P0108. Girgiza fishin kana kallon baliz. Adadi na tsalle, to fishin ya saki ko ƙura ta cika shi. Masu wanke inji da ruwa mai ƙarfi, Allah ya shirye ku.

Motar gazuwal irin su Hilux kuwa, kunkunniyar EGR, bawul ɗin da ke maida hayaƙi cikin inji, ke toshe ɗan ramin kapton. Fesa maganin wanke fishin lantarki, bar shi ya bushe. Kar yaron garaji ya zura masa waya ko ya hura shi da kwampireso, kapton na iya mutuwa nan take.

In duk wannan lafiya lau amma adadi bai motsi, yanzu ka sayi kapto, da lambar da ke jikin tsohon. Goge kodi, hau hanyar Ƙonni, taka mota sosai, ka dawo a sake sa baliz.