Yadda na gyara mahaɗan talla da suka jawo hukuncin Google

Wata mai shafin girke-girke ta kawo mini kuka cewa masu shigowa ta Google sun ragu sosai. Da na buɗe Search Console ɗinta, wato dandalin da Google ke sanar da mai shafi halin da shafinsa ke ciki, sai ga sanarwar hukunci kan mahaɗan (links) da ke fita daga shafin. Ashe masu sayar da tukwane da kayan yaji suna biyanta tana sa adireshinsu cikin rubutunta, ba tare da wata alama ba. Google na ɗaukar mahaɗi tamkar shaidar yabo, shi ya sa ya hana a saye shi a ɓoye.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka biya kuɗinsa na saka masa rel="sponsored", alamar da ke sanar da Google cewa mahaɗin na talla ne, wadda ta fito a Satumban 2019. Tsohuwar alamar rel="nofollow" ta 2005, mai nuna cewa mahaɗin ba shaidar yabo ba ne, ita ma tana wadatarwa. Hajiya ta so a lafta wa dukkan mahaɗan nofollow a huta, amma ban yarda ba. Mahaɗin da ke kai mai karatu ga asalin girkin ya cancanci a bar shi yadda yake.

Sannan na aika roƙon sake dubawa tare da bayanin gyaran. Bayan 'yan makonni aka ɗage hukuncin. Masu tallar ma ba su yi asarar masu latsawa ba.