Dafa Ƙaguwa da Jatan Lande Don Taron Dangi

'Yan uwa, in za ku yi dafuwar nan ta mutanen Louisiana a Amurka, wadda ake tafasa ƙaguwa da jatan lande da masara da dankalin Turawa a tukunya ɗaya cikin ruwa mai yaji da tafarnuwa, kada ku zuba komai lokaci guda.

Dankalin Turawa ne farko, minti 15. Sai masara da ƙaguwa.

Jatan lande a ƙarshe, minti 3 kacal, ku kashe wuta. Ku zuba ƙanƙara, ku bar tukunyar minti 15.

Ƙanƙarar ce ke tsayar da dahuwa, jatan landen ba ya yin tauri kamar roba, kuma yaji da tafarnuwa na ratsa shi har ciki. Da tsadarsa, asara ce ya lalace.

Amma fa ƙanƙara na salanta romo, don haka ku ƙara gishiri tun farko. In tukunyar ƙarama ce, ƙanƙara kaɗan za ku sa.