Darasi na 6: Kayan Kiwon Zuma da Yadda Ake Ɗibarta

Amyar da muka gada, wadda ake saƙawa da ciyawa a shafe ta da kashin shanu a ɗora a kan ɗorawa ko tsamiya, ba ta da tsada, kuma ƙudan zuma na son ta. Aibinta ɗaya ne, amma babba: ba a iya ganin cikinta sai an yi ɓarna. Shi ya sa mai ɗiba yake zuwa da dare da bakin wuta, ya babbake ƙudan, ya kwashe saƙar duka har da ta 'ya'ya, ya koma gida da zuma mai ƙauri da amya wadda babu kowa a ciki.

Akwatin da ake kira amyar Kenya ya magance wannan. Kowane kafinta zai iya yin sa idan an ba shi awo. Gefunansa a karkace suke kamar kwami, domin kada ƙudan su manne saƙa a jikin katako, an kuma jera sanduna wajen 30 a samansa. Faɗin kowace sanda santimita 3.2 ne, kuma a nan ne ake bukatar tsayawa a kan kafinta, domin idan faɗin ya wuce haka ko ya gaza, ƙudan za su yi saƙar da ta haɗe sanduna biyu ko uku, ba za ta ɗagu ba sai an yanka. A goga kakin zuma a tsakiyar kowace sanda, ƙamshinsa ne zai kira su.

Sauran kayan su ne rigar da ta rufe jiki duka, fara ko mai haske, da hula mai raga, da safar hannu, da takalmin roba, da wuƙa, da bokitin roba mai murfi, da gwangwanin hayaƙi mai mafura. Wanda bai iya sayen wannan ba, maƙeri zai haɗa masa. A zuba masa busasshen kashin shanu ko totuwar masara, kada a sa roba ko leda. Hayaƙin da ake so fari ne, mai sanyi. A gwada shi a bayan hannu tukuna.

Ɗiba ta fi kyau da bazara, daga Maris zuwa Mayu, kafin ruwa ya sauka, kuma da yamma lis. A tsaya ta bayan akwati, a busa hayaƙi kaɗan a ƙofa, a dakata kamar minti 2, sannan a fara ɗaga sanduna daga baya, domin can suke ajiye zuma, sarauniya da 'ya'ya kuwa suna wajen ƙofa. A duba saƙar da kyau. Wadda ta nuna za a ga an liƙe ramukanta da farin kaki siriri, tana da nauyi a hannu. Wadda ramukanta ke buɗe ruwa ya yi mata yawa, za ta yi tsami a kwalba. Wadda murfinta ya yi ruwan ƙasa ya ɗan kumbura kuwa 'ya'ya ne a ciki, a mayar da ita inda take. A yanke nunanniyar cikin bokiti, a bar kamar faɗin yatsa a jikin sanda don su ɗora a kai, a rufe bokitin nan take. Ina roƙon mai kiwo ya bar musu saƙa biyu ko uku ta zuma, saboda yunwa ce kan sa su tashi su bar amya.

Idan an yi harbi, a kankare ƙarin da farce, a busa hayaƙi a wurin. Wanda numfashi ya yi masa wuya bayan harbi, a garzaya da shi asibiti.

A gida, kada a ɗora zuma a wuta. A farfasa saƙar, a tace ta da tsaftataccen ƙyalle, a bar ta ta kwanta kwana 2 ko 3, a yaye abin da ya taso. Tuƙar ma kuɗi ce: a narkar da ita cikin ruwan zafi, kakin zai daskare a sama, masu yin man shafawa da kyandir suna saye.

Duk wannan ba zai yi amfani ba inda babu fure. Kaɗanya da ɗorawa da mangwaro da darbejiya suna fure da rani, su ne ke cika amyar bazara. Gawo na yin nasa bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da ciyawa ta fara bushewa, zogale kuwa idan yana samun ruwa ba ya daɗewa babu fure. Da damina riɗi da wake da kabewa suna ciyar da su, su kuma suna ƙara wa kabewa da kankana 'ya'ya. A ajiye musu ruwa a kasko, a zuba tsakuwa don kada su nutse, a shafa baƙin mai a ƙafafun akwati saboda tururuwa. Maƙwabcin da zai yi feshin magani a gonar wake, a roƙe shi ya bari sai rana ta faɗi, bayan ƙudan sun koma amya.